Daga zaren tela zuwa gashin tsuntsun hamada: yadda fatar ruwa ke lanƙwasa siraran abubuwa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela, ko a babbar kasuwar Maraɗi ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ya san wannan aiki. Bakin zare ya tarwatse ya ƙi shiga kafar allura, sai tela ya kai shi baki ya laƙa masa yawu, nan take siraran audugar su haɗe su yi tsini, zare ya wuce. Idan aka tambayi dalili, amsar da kowa zai bayar ita ce ruwa ne ya manne su. Amsar tana da kama da gaskiya, amma akwai wani ɗan gwaji da ke nuna cewa ba ta cika ba, kuma ana iya yin sa a kowane gida.

A samo ƙaramin buroshin fenti mai laushin gashi da kofin gilashi cike da ruwa. Buroshin yana bushe, gashinsa a warwatse yake. A tsoma shi cikin ruwan a duba ta jikin kofin: gashin na nan a warwatse, kowane sili yana lilo shi kaɗai, alhali ya jiƙe iyakar jiƙewa. Sai an ɗago shi sama ne gashin ke haɗewa ya zama tsinke ɗaya. Da ruwa ne kawai ke manne gashin, to a tsakiyar ruwa ya kamata ya fi mannewa. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Charles Vernon Boys, da wannan gwajin ya buɗe littafinsa a kan kumfar sabuni wanda ya fito a 1890, don ya nuna wa yara cewa aikin yana faruwa ne a wurin da ruwa ya haɗu da iska.

Fatar da ido ba ya gani

Ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ruwa suna jan junansu. Wadda ke tsakiyar kofi ana jan ta ta ko'ina daidai wa daida, don haka ba ta jin komi. Wadda ke can sama kuwa tana da ƴan uwa a ƙasa da gefe, amma a bisanta iska ce kawai. Sakamakon haka saman ruwa kullum yana neman ya rage faɗinsa, kamar fatar ganga da aka ɗaure. Wannan ne ɗaliban lise ke karantawa a darasin fizik da sunan tension superficielle, a nan kuma za a kira shi jan fatar ruwa. Shi ke sa ɗigon ruwa ya dunƙule, shi ke ɗauke da ƙwarin da ke yawo bisa tabki ba su nutse ba. Thomas Young a Ingila a 1805 da Pierre-Simon Laplace a Faransa a 1806 su ne suka fara ba shi lissafi.

Ƙarfinsa ɗan kaɗan ne. A tsawon mita guda, fatar ruwa mai tsabta tana jan abin da bai wuce nauyin giram 7 ba, kusan nauyin kuɗin ƙarfe na dala ashirin. Idan aka zuba sabuni, jan yakan ragu ya koma wajen kashi ɗaya cikin uku. Na man girki bai kai rabin na ruwa ba. Da irin wannan ƙarfi ba a lanƙwasa ƙusa, ba a lanƙwasa karan dawa.

Sai dai akwai wani abu na biyu. Idan ruwa ya maƙale tsakanin abubuwa biyu da ke kusa da juna, kuma ya jiƙa su, fatarsa tana lotsawa ciki, matsin da ke cikin ruwan kuma ya faɗi ƙasa da na iskar waje. Ke nan ruwan yana tsotso abubuwan biyu zuwa ga juna. Iya ƙanƙantar tazarar, iya ƙarfin tsotson. A tazarar milimita guda ba a ma jin sa. A tazarar da ta kai kashi ɗaya cikin 1000 na milimita, tsotson ya zarce matsin iskar da ke bisa kanmu gaba ɗaya. Shi ya sa faifan gilashi biyu da ruwa ya shiga tsakaninsu suke wahalar rabuwa, sai dai a zame ɗaya a kan ɗaya.

Kokawa tsakanin ja da tauri

Abin da ke faruwa da zaren tela kokawa ce tsakanin abu biyu. Ruwa na son ya haɗa silin don ya rage faɗin fatarsa, sili kuma na son ya tsaya yadda yake, domin lanƙwasa shi na buƙatar ƙarfi. Wanda ya fi ƙarfi shi ke kayarwa. Masana a Faransa suna kiran wannan fanni élastocapillarité.

Kaurin sili shi ne babban alƙali a wannan kokawa, kuma hukuncinsa ya fi yadda ake zato tsanani. Idan aka ninka kaurin sili sau 2, taurinsa wajen lanƙwasa ba ya ninkuwa sau 2, sau 16 yake ninkuwa. Idan aka ninka kaurin sau 10, taurin ya ninku sau 10,000. Jan ruwa kuwa bin kewayen silin yake yi, ba ya hauhawa da irin wannan gudu. Don haka tsintsiya ta jiƙe a wanke-wanke ta tsaya ƙyam, amma gashin buroshi, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin 10 na milimita ba, ya miƙa wuya nan take.

Tsawo ma yana da tasa rawar. Sandar da aka kafa a gindi, idan aka ninka tsawonta sau 2, turi iri ɗaya a kanta zai karkata ta sau 8. Wannan ne dalilin da ya sa gemun da aka yi wa aski kwana uku da suka wuce ba ya kwanciya komi jiƙewarsa, amma doguwar jelar doki da ta sha ruwan sama takan rarrabu tukku-tukku.

A nan akwai buƙatar a yi hattara da gashin mutum, domin abubuwa biyu ne ke faruwa da shi a lokaci guda. Haɗewar silin zuwa ƙananan tukkaye aikin fatar ruwa ne. Amma tsukewar da gashi mai murɗe ke yi bayan wanka, har mai kitso ta ga kamar an rage shi, wannan daga cikin silin yake fitowa: ruwa ya shiga jikinsa ya sassauta shi ya koma murɗewarsa ta asali. Sau da yawa ana cakuɗa su, alhali ba dalili ɗaya ba ne.

Tambayar da ta daɗe ba amsa ita ce: me ya sa jiƙaƙƙen gashi ba ya haɗewa duka ya zama dami ɗaya? Me ke tsayar da shi a ƙananan tukkaye masu kusan girma ɗaya? A shekarar 2004 wasu masu bincike huɗu a birnin Paris, José Bico, Benoît Roman, Loïc Moulin da Arezki Boudaoud, suka wallafa amsa a mujallar Nature. Sun jera siraran faifai masu lanƙwasuwa kamar haƙoran mataji, suka tsoma bakinsu cikin ruwa-ruwa, suka kalli yadda yake hawa tsakaninsu. Abin da suka gani shi ne haɗewar tana tafiya mataki-mataki. Biyu su haɗe tukuna, sannan wannan biyun ta haɗe da wata biyun, ƙananan damuna su haɗe su ba da babba, kamar rassan itace da ke taruwa zuwa gindi. A kowane mataki damin yana ƙara tauri, tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa kuma tana ƙara faɗi, har a kai inda ruwa ba shi da ƙarfin janyo shi. A nan haɗewar ke tsayawa. Wanda ya san tsawon silin, kaurinsa, tazararsa da irin ruwan, yana iya lissafa girman tukkun tun kafin ya jiƙa shi.

Ba kullum ne bushewa ke warware abin ba. Lokacin da ruwan ke ƙafewa tazarar tana ƙara matsewa, tsotson na ƙara ƙarfi, har silin su taɓa juna sosai su kama. Auduga da ta jiƙe ta bushe ba ta komawa laushinta sai an sake shiƙa ta da hannu. Tawul ɗin da aka shanya a rana yakan yi ƙarau sai an kaɗe shi. Takarda ma haka take samuwa: ana baza siraran zaren itace cikin ruwa, a tsane su, bushewar ce ke janyo su su rungumi juna.

Inda abin ke cin kuɗi

A gida wannan duk abin kallo ne. A masana'antar da ke ƙera ƙwaƙwalwar wayar salula, abin da Faransawa ke kira puce, babbar matsala ce. Kamfanoni irin su TSMC a Taiwan da Samsung a Koriya ta Kudu suna zana ƙananan katangu bisa faifan silikon, dogaye kuma sirara, a jere kusa da juna. Tazarar da ke tsakaninsu ana auna ta da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Bayan kowane mataki na aikin dole a wanke faifan, bayan wanki kuma dole ya bushe.

A nan ne lissafin da aka ambata a sama ke nuna haƙoransa. Idan tazarar ta kai nanomita 20, tsotson da ruwa mai ƙafewa ke yi yana iya kai wa kusan sau 70 na matsin iska, wato wajen sau 30 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Katangun sai su sunkuya su jingina da juna biyu-biyu, daidai yadda gashin buroshi ke yi, kuma ba su sake miƙewa. Wurin da hakan ya faru ya lalace ke nan. Irin wannan haɗari na kan ƙananan na'urori masu motsi da ke cikin waya, kamar wadda ke gane an juya wayar a kwance har hoto ya juya: siraran hannuwanta suna iya mannewa da ƙasa tun a masana'anta.

Dabarun da injiniyoyi suka samo duk suna komawa ne ga darasin kofin gilashi. Ta farko ita ce a rage ƙarfin fatar: a maye gurbin ruwan da wani nau'in alkol da ake kira isopropanol, wanda jansa bai kai kashi ɗaya cikin uku na ruwa ba, sannan a busar. Ta biyu ta fi burgewa, domin kawar da fatar take yi gaba ɗaya. Ana cika wurin da iskar kabon, CO2, wadda aka matse har ta zama ruwa-ruwa, sannan a ɗaga zafi ya wuce digiri 31, matsi kuma ya wuce bar 74. Daga wannan iyaka bambanci tsakanin ruwa-ruwa da iska yana ɓacewa, babu sama babu ƙasa, babu fatar da za ta ja wani abu. Sai a saki iskar a hankali, faifan ya fito a bushe katangunsa na tsaye. Masu nazarin halittu ma da wannan hanyar suke busar da ƙananan ƙwari da tsokar jiki kafin su sa su a babban madubin bincike, don kada siraran gashinsu su kwanta.

Jikin ɗan Adam ya riga injiniyoyi gano dabara ta farko. Ƙananan hanyoyin iska da jakunkunan da ke cikin huhu suna da laushi kuma a jiƙe suke, don haka fatar ruwa tana iya rufe su a duk fitar numfashi. Huhu yana fitar da wani sinadari mai aiki kamar sabuni wanda ke rage jan. Jaririn da aka haifa bakwaini sau da yawa bai fara samar da isasshensa ba, abin da ke jawo masa wahalar numfashi, kamar yadda Mary Ellen Avery da Jere Mead suka nuna a Amurka a 1959. A 1980 likitan Japan Tetsuro Fujiwara ya ba da rahoton jarirai na farko da aka yi wa magani ta hanyar zuba musu sinadarin a huhu.

Gashin tsuntsu: asara da riba

Agwagwa tana wuni a tabki ta fito a bushe, kuma ba man da take shafawa da baki kaɗai ke yin wannan aiki ba. Gashinta saƙa ce ta siraran rassa da ke sarƙe da juna, da ƴan ƙananan ƙofofi a tsakaninsu. Fatar ruwa mai tsabta tana da ƙarfin da ba ta yarda ta kutsa waɗannan ƙofofi, sai ta tsaya a waje, iskar da ke ƙarƙashi kuma ta riƙe wa tsuntsun ɗumi ta taimaka masa ya yi iyo.

Mai da ruwan sabuni ba su da wannan kunya. Jansu kaɗan ne, suna shiga saƙar, da zarar sun shiga kuma sai rassan su haɗe tukku-tukku, a sami manyan giɓi, ruwa ya kai ga fata. Tsuntsayen teku da malalar man fetur ta shafa, da yawansu sanyi ne ke kashe su. A 2012 Camille Duprat da abokan aikinta a jami'ar Princeton ta Amurka sun yi nazarin yadda ɗigo guda ke zama tsakanin sili biyu masu lanƙwasuwa, har suka gwada mai a kan gashin dinya. Sun gano cewa girman ɗigon ma yana da hukunci: wani girman yakan janyo silin ya bazu a tsakaninsu ya manne su da nisa, wanda ya wuce wani girma kuma sai ya tsaya a dunƙule. Ga mai kiwon agwagi a bayan gari darasin a fili yake. Kududdufin da ake zubar da baƙin man mota ko gazuwal a cikinsa, ko wanda ruwan Omo ke gangarawa, ba wurin wankan tsuntsu ba ne, ko da bai sha ko ɗigo ba.

Akwai kuma tsuntsun da ya mayar da wannan rauni ya zama jari. Yana kama da kurciya, launinsa na ƙasa, yana zaune a busassun wurare. Faransawa na ce masa ganga, sunan da ba shi da alaƙa da gangar makaɗa. Nau'o'insa da dama suna rayuwa a Nijar, daga filayen Sahel har zuwa Ayar da bakin Tenere, kuma makiyaya sun san garkunansa da ke sauka a bakin ruwa a lokaci ɗaya kowace rana, wasu da safe wasu da faɗuwar rana.

Matsalar wannan tsuntsu ita ce yana ƙwai a ƙasa, nesa da ruwa, ƴaƴansa kuma busassun ƙwayoyin ciyawa suke ci, ba su iya tashi ba tukuna. Sai namijin ya tashi ya tafi tabki, ya shiga har ruwa ya kai masa ciki, ya yi ta girgiza jiki na ɗan lokaci, sannan ya koma da ruwan a cikin gashin cikinsa. Ƴaƴan su taru ƙarƙashinsa su tsotse gashin da baki. Wani Bature mai kiwon tsuntsaye, Edmund Meade-Waldo, ya ba da wannan labari tun 1896, amma masana da yawa suka ɗauke shi tatsuniya. Sai a 1967 Tom Cade da Gordon Maclean suka tabbatar da shi bayan sun zauna suna kallon tsuntsayen a bakin ruwa a hamadar Kalahari, a kudancin Afirka.

Yadda gashin ke yin aikin kuwa, a 2023 ne aka gan shi dalla-dalla. Jochen Mueller na jami'ar Johns Hopkins da Lorna Gibson ta MIT, dukansu a Amurka, sun sa gashin nau'in Namakwa na kudancin Afirka a ƙarƙashin madubin bincike suna jiƙa shi suna kallo. A sauran tsuntsaye ƙananan rassan gashi suna da ƙugiyoyi da ke sarƙe su. A wannan tsuntsu, rassan da ke kusa da tsakiyar gashin a murɗe suke daga gindi kamar igiya, sannan su miƙe. Da ruwa ya taɓa su sai murɗin ya warware, su tashi tsaye su zama kurmi mai yawan sili, ruwa ya cika tsakaninsu. Siraransu daidai yake da yadda jan fatar ruwa zai iya lanƙwasa su su rungume ɗigon. Rassan da ke gefen gashin, waɗanda suka fi tsawo da laushi, su kuma sai su naɗo ciki su rufe. Idan gashin ya bushe komi ya koma yadda yake, gobe a sake.

Namijin Namakwa yana ɗaukar wajen mililita 25 a tafiya guda, kusan cokalin miya biyu. Wani kaso yana ƙafewa a hanya, domin tafiyar takan kai kilomita 20 zuwa 30 cikin busasshiyar iska, amma abin da ya rage yana isar ƴaƴan su sha.